Da Sauƙi, In Ji Baba

Baba ya sauka Kuala Lumpur da jaka ɗaya, da sandar da a lokacin ado ce kawai, da katin asibiti na gwamnatin jiharmu a aljihun gaba, inda wasu tsofaffi ke ajiye hoton jika. Katin 'yan fansho ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban allo, ya gama a kujerar hedimasta, gwamnati kuwa ta sallame shi da wannan kati da alkawarin cewa zazzaɓin cizon sauro ba zai kashe shi ba, matuƙar akwai magani a sito. Yana ji da katin. Ya ce ko ba komai an rubuta sunansa daidai, abin da ya gagare su a takardar sallama.

Ba a daɗe da rasuwar Inna ba. Ban sami jana'iza ba, don ina nan Kuala Lumpur, a unguwar Sri Petaling, inda maigidana ke zaune da mu saboda koyarwar da yake yi a jami'a. Duk tsawon jinyarta ina kira in ce yaya jikin Inna, Baba ya ce da sauƙi. Yau da sauƙi, gobe da sauƙi, har ranar da ƙanena ya kira ya ce sai haƙuri. Ina yankan kuɓewa a lokacin. Na ƙarasa yankawa, na wanke wuƙar, na rufe kwanon. Na ɗauka kukan zai iso daga baya, kamar kayan da aka aiko ta jirgin ruwa. Na jira shi har na daina jira. Da aka yi arba'in na ce a sa mini Baba a jirgi, gidan ya yi masa girma.

Maƙwabciyarmu ce ta kawo maganar kati na biyu. Tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce, Bamalayiya, muna ce mata makcik, wato gwaggo. Ta ga Baba a lif, ta gaishe shi, da yamma kuma ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da farantin soyayyar ayaba da shawara. Ta ce ita asibitin gwamnati na duba ta kusan kyauta, kuma suna da kirki, sai dai layinsu ya fi na aikin Hajji tsawo. Shi ya sa ta ɗora katin kamfanin inshora a kan na gwamnati, in abu ya yi tsanani ta shiga asibitin kuɗi ba tare da ta sayar da gida ba.

Na ce ai Baba ma yana da katin gwamnati.

Ta ce, “Na ƙasarku? Wannan bai iya iyo ba, lah. A bakin teku ya tsaya.”

Maigidana ya durƙusa gaban Baba ya yi bayani da muryar da suruki ke bayani da ita, ƙasa-ƙasa, ido na kan dadduma. Baba ya saurara har ƙarshe, kamar yadda yake sauraron yaron da ya makara.

“Wato in biya kuɗi in shaida wa duniya ina sa ran ciwo?”

“A'a, Baba. Takaful ne, na Musulunci. Kamar adashi yake, sai dai wanda ya kwanta shi ke kwasa.”

“Adashin da kowa ke addu'ar kada kwasarsa ta zo. Malam, boko ya kai ku nesa.”

Amma ya yarda, don bai iya musu da suruki ba. Katin na shekara guda ne, kuma an gaya mana tun farko ba za a sabunta shi ba, domin shekarun Baba sun zo bakin iyakar da kamfanin ya shata. Shekarun nan ma wani malamin firamare ne ya yanka masa su, ranar da Baba, yana yaro, ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunne. Baba ya ce da ya san inda abin zai kai shi, da ya noƙe hannun. Ya sa sabon katin bayan tsohon a aljihu, ya ce yanzu ya zama mai hula biyu a kai ɗaya.

Watanni suka wuce lafiya. Ya koyi cewa boleh, wato zai yiwu, ya koyi shan shayin mamak, masu shayin ƙasar nan, yana kushe shi, ya gano cewa a kasuwar Chow Kit ana samun busasshen kifi da ba ya jin kunyar na Kano. Ranar Asabar mukan hau jirgin ƙasa zuwa Titiwangsa ya zaga tafki, hannuwa a baya, yana duba bishiyoyi kamar sufeto. Ni ina binsa a baya. Ba na jin daɗi, ba na jin rashinsa. Ina dai tafiya, don an ce tafiya na da amfani.

Sai ya zame a wurin alwala na masallacin unguwa, a kan tayil ɗin nan mai santsi da ruwan sama ba ya bari ya bushe. Ba daga bakinsa na ji ba. Ya tashi da kansa, ya yi salla, ya tako gida, ya ci tuwo. Abin da na fara gani shi ne ya koma yin nafila a zaune, sannan farilla. Daga nan silifas ɗin ƙafarsa ta hagu ya fara zamewa yana barinsa a baya, shi kuma bai sani ba sai ya ji sanyin ƙasa a ɗaya ƙafar ya waiwaya. A Titiwangsa ya riƙa zama a kan kowane benci, wai yana nazarin tafkin. Sai da limamin ya tambayi maigidana ya jikin tsohon da ya faɗi, sannan muka san an faɗi.

Likitan ƙashin da muka kai shi wurinsa mutum ne mai fara'a, gashinsa ya fara fari, yana kiran Baba cikgu, wato malam, tun da ya ji sana'arsa. Ya nuna mana hoton bayan Baba a jikin gilashi mai haske, ya ce wani abu tsakanin ƙasusuwan ya goce yana danne jijiyar da ke tafiya ƙafa. Za a fara da magani da gashin ƙashi. In an samu sauƙi, shi ke nan. In ba a samu ba sai tiyata, kuma ba a son a ja lokaci, don jijiya in ta daɗe a danne takan yi fushin da ba ta hucewa. Ya ƙara da cewa kamfani ba zai biya tiyata ba sai ya tabbata maganin ya gaza.

Na ce ai ga hoto.

Ya ce akwai masu hoto irin wannan da suke buga ƙwallo. Hoto yana nuna matsi, ba ya nuna zafi. Zafi sai mai jiki ya faɗa.

Na fahimci tsarin tun a ranar, don ba shi da wuya. Kamfani ba ya ganin majiyyaci, abin da likita ya rubuta yake gani. Likita kuwa abin da majiyyaci ya faɗa yake rubutawa. Majiyyacin kuma Baba ne.

Da a ce bai iya Turanci ba, da na tsaya a tsakiya na gyara. Amma Baba ya yi kwalejin horon malamai tun zamanin da ake bulala kan harafin da aka haɗiye. Duk zuwan da muka yi, likita ya ce yaya jiki, Baba ya gyara zama, ya ɗauko da sauƙin nan tamu, wadda Bahaushe ke faɗa ko ana karanta masa Yasin, ya juya ta da kansa zuwa Turanci mai guga.

“Much better, doctor. We thank God.”

Likita ya yi murmushi ya rubuta.

Akwai kuma tambayar lamba. Nas takan ce, daga ɗaya zuwa goma, nawa zafin yake? Baba ya ɗauki tambayar da muhimmanci, don maki sana'arsa ce. A hanyar gida ya yi mini bayanin yadda ya raba. Goma ta 'yan wuta ce, Allah ya tsare. Tara ta mace mai naƙuda. Takwas ta wanda ya ƙone. Haka ya yi ta saukowa yana raba wa bayin Allah haƙƙinsu, har ya iso kan kansa ya tarar saura biyu. Mutumin da bai taɓa ba ɗalibi goma bisa goma ba, ba a kan ciwon baya zai fara almubazzaranci ba.

Wata rana na sa baki. Na ce likita, ba ya iya tsayuwar salla, kuma in ya tashi daga kujera sai ya dafa bango. Likita ya dubi Baba. Baba ya yi dariyar manya, ya ce 'ya'ya mata akwai tausayi, tun da mahaifiyarta ta rasu take ganin ciwo a jikin kowa. Likita ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya dube ni da irin kallon da ake yi wa marainiya, ya ce a ci gaba da gashi.

A jirgin ƙasa, bayan mun wuce tasha biyu, Baba ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

“Uwata, a gaban baƙo kike ƙaryata ni?”

“Ban ƙaryata ka ba, Baba.”

“To me kika yi? Gyaran jarrabawa?”

Na dubi taga. Ana ruwa, gine-gine suna wucewa a jiƙe. Silifas ɗinsa na hagu ya zame yana ƙarƙashin kujerar gaba, na miƙa ƙafa na jawo masa ba tare da na duba shi ba, shi ma ya sa ba tare da ya duba ni ba.

Duk da haka likitan ya nemi izinin tiyata, don bai gamsu da yadda ƙafar ke ja ba. Amsar kamfani ta same ni a Chow Kit, ina tsaye gaban mai kifi. Cikin ladabi suka ce bayanan asibiti sun nuna majiyyaci na samun sauƙi a kai a kai, zafinsa kaɗan ne, don haka ba su ga dalilin tiyata ba a yanzu, suna kuma yi masa fatan ƙarin lafiya. Ban ga laifinsu ba. An ce musu da sauƙi, sun ce Allah ya ƙara sauƙi, ko a Kano iyakar amsar ke nan. Na mayar da wayar jaka, na zaɓi kifina ɗaya bayan ɗaya, na sa aka naɗe a jarida.

Lokacin katin yana ƙarewa, ƙafar kuma tana ƙara mutuwa. Maigidana ya sake durƙusawa.

“Baba, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

“Malam, wanka na zo yi ƙasar nan?”

Maigidana ya tashi ya tafi jami'a, inda ake biyansa don ya yi bayani a saurare shi.

Ni na same shi bayan la'asar, yana zaune kan kujerar roba da ya mayar wurin sallarsa, carbi a hannu, ana tsuga ruwan nan na kowace yamma. Na zauna a ƙasa. Ban shirya magana ba, kuma muryata ta fito kamar ina karanta sanarwa.

“Baba, likitan nan ya ɗauka da sauƙi labari ne.”

“Wa ya ce masa labari ne? Addu'a ce. Ke da kika yi digiri a harshe.”

“Shi bai yi ba.”

“To a koya masa.”

“Abin da ka faɗa yake rubutawa. Su kuma abin da ya rubuta suke karantawa. In katin ya ƙare ba a yi aikin ba, ƙafar ta tafi.”

Ya ja carbi. Ya ce shekara saba'in da ɗoriya Ubangiji ya ba shi yana yawo da ƙafafun nan, bai taɓa biyan ko anini ba, yanzu don an karɓi aron ɗaya sai ya zauna gaban wani bawa ya kai ƙara? Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na ce, “Haka ka riƙa ce mini a kan Inna.”

Carbin ya tsaya. Ruwa na dukan rufin wurin ajiye motoci a ƙasa, wani yaro a wani bene yana kuka da Malayanci. Na lura fankar sama na buƙatar shara. Abin da na lura da shi ke nan.

“Ita ta ce in ce haka,” in ji shi. “Ta ce kina da nisa.”

Na ce to.

Can ya ce ko akwai ruwan zafi a fulas. Na tashi na haɗa masa shayi, na sa sukari yadda yake so, na kawo.

Ranar komawa asibiti ya sa farar shaddarsa ta Juma'a da hular da Inna ta fi so. A gabansa na cika gorar ruwa na sa a jaka. Muka shiga, likita ya miƙa masa hannu, ya ce cikgu, yaya jiki?

Baba ya gyara zama. Na ga bakinsa ya ɗauko kalmar, na san siffarta tun kafin ta fito. Sai ya tsaya, ya juyo ya dube ni.

“Uwata, ƙishirwa nake ji.”

Na zaro gorar.

“Ba wannan ba. Mai sanyi. Na kantin ƙasa.”

Baba ba ya shan ruwan sanyi. Yana ganin shi ne asalin rabin cututtukan zamani, sauran rabin kuma taliyar leda. Na dube shi, ya kawar da kai yana karanta takardun shaidar likita da ke jikin bango. Na mayar da gorar jaka, na fita, na ja ƙofar.

Na sauka na sayi ruwan. Na hau, na zauna a kan kujerun jira, kusa da akwatin gilashin da kifaye ke yawo a ciki. Wani kifi ja yana zuwa bango ya juyo, ya je ɗaya bangon ya juyo. Wata tsohuwa 'yar Sin tana ɓare lemo tana ba mijinta, yana karɓa ba ya dubawa. Ba a jin komai ta ƙofar. A nan na gane cewa mutum zai iya kai ƙara gaban baƙo in ta kama dole, amma ba gaban wadda ya haifa ba, balle mai sunan wadda ta haife shi. Duk zuwan da muka yi ina zaune a gefensa da jaka a cinya, ina taimako. Na gane wannan kamar yadda ake gane an bar fitila a kunne a gida. Sanyin ruwan ya gushe a hannuna, jikin gorar ya jiƙa mini zane.

Da nas ta leƙo ta kira ni, na tarar likita ya cire tabarau ya ajiye, yana rubutu da sauri, fara'ar nan babu ita. Hular Baba na kan gwiwarsa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe gaban baƙo ba. Idonsa a bushe yake.

Likita ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “To, cikgu, na sa takwas.”

“Bakwai da rabi,” in ji Baba.

Ya mayar da hularsa, ya karɓi ruwan daga hannuna, ya riƙe shi har gida bai buɗe ba.

Izinin ya fito kafin katin ya ƙare. Aka yi aikin. Zafin ya tafi, Baba ya koma tsayuwa a farilla, yana dafa bango in zai tashi daga sujada. Ƙafar hagu kuwa ba ta dawo duka ba. Likita ya faɗa mana ba kwana-kwana, jijiyar ta daɗe a danne, abin da ya dawo shi ne ya dawo. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya yi wa likita godiya da Turancin da ya fi na likitan kyau. Sandar da ya zo da ita don ado ta sami aiki. Muka sayo masa takalmi mai maɗauri a baya, ya ce ya zama ɗan firamare.

Makcik ta kawo ayaba ta ce ai ta gaya mana, kati biyu ya fi ɗaya. Na ce ƙwarai.

Da takardar zamansa ta ƙare ya koma Kano, wurin ƙanena. Katin kamfanin, wanda ba ya aiki ko a nan balle can, yana nan a aljihunsa bayan na gwamnati. Ya ce ba a yar da hular da ta yi maka rana.

Ina kiransa bayan ya dawo daga masallaci. Mun sami wata hanya, ba wanda ya tsara ta. In ce Baba yaya jiki, ya ce da sauƙi, in ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan in yi shiru. Shi ma ya yi shiru, kamar yana duba takardar wani. Can sai ya ba zafin maki, ya ce uku. Wani lokaci huɗu, in sanyi ya shigo. Sai mu wuce zuwa labarin wutar lantarki da wanda ya mutu a unguwa.

Makon jiya na kira. Ya ce da sauƙi. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na yi shiru. Ina jin ƙarar fankar ɗakinsa, da akuyar maƙwabta, da mai tallan wani abu yana wucewa. Na ci gaba da jira.

“Ki gaida Malam,” in ji shi. Bai faɗi maki ba.

Na kira ƙanena na ce yaya jikin Baba. Ya ce da sauƙi, Yaya, da sauƙi sosai.

Na ce to. Na jawo kujera, na hau, na sauko da akwatin tafiya daga saman kabad. Ya yi ƙura, sai da na nemo tsumma.